A Yi Lissafi Kafin a Jona Waya

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata, a nan Kontagora



Shugaban taro, iyayenmu dattawan unguwa, malamanmu, 'yan uwanmu 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, da samarin da ke tsaye can baya, barkanmu da war haka. Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan fili. Bari mu fara da faɗa muku gaskiya, mu ba injiniyoyi ba ne. Karatunmu na Islamiyya ne, abincinmu kuma a kasuwa yake, wajen sayar da kayan wuta: waya, soket, fulogi, ƙwai da sauransu. Mun haura shekara talatin a wannan harka. Abin da za ku ji yau mun tsinto shi ne daga bakin masu gyaran wuta da ke zama a bencin ƙofar shagonmu, da yaranmu da suka yi makarantar koyon sana'a, sannan muka sa aka gwada da mita a gabanmu, muka ga haka abin yake.

Kowa a nan ya san dalilin da ya sa aka zaɓi wannan magana. A hunturun da ya wuce, bayan an tashi daga kasuwa, mai gadin layin shagunanmu ya ji ƙauri, ya ɗaga kai ya ga hayaƙi na fita ta saman silin. Allah Ya taƙaita, aka yi maza aka katse wuta, jama'a suka yi ca da yashi da bokitai, abin ya tsaya a shago ɗaya. Amma ɗan uwanmu mai wannan shago, rabin jarin da ya yi shekaru yana tarawa ya tafi a dare ɗaya. Da gari ya waye aka hau aka duba, sai aka tarar gobarar ta tashi ne daga inda aka murɗa bakin waya biyu aka naɗe da leda. Babu wanda ya bar kyandir, babu wanda ya yar da guntun taba. 'Yar mahaɗa ce wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Mun ga abin da gobara ta yi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016. Mun ga ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta babbar kasuwar Katsina a Maris ɗin 2021. Da yawa daga cikinmu daga waɗannan garuruwa iyayenmu suka taso suka zo garin Nagwamatse neman halali, kuma har gobe muna da dangi a can. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To, ruwan da muka zo da shi yau lissafi ne, kuma ba mai wuya ba. Duk wanda ya iya fitar da zakkar dukiyarsa, ko ya iya lissafin ribar buhu goma na masara, zai iya shi.

Abubuwa huɗu da ke cikin waya

In kun koma gida ku ɗaga dutsen guga, ko ku leƙa bayan firji, za ku ga ɗan rubutu: wata lamba da harafin V kusa da ita, wata da A, wata da W. Yawancinmu mukan sayi kaya mu yi shekaru da shi ba mu taɓa duba wannan rubutu ba, alhali kuwa nan ne kayan ya faɗi iya cinsa.

Mu ɗauki misalin tankin ruwa. In an ɗora tanki can sama, ruwa kan fito da ƙarfi. In yana ƙasa-ƙasa, sai ya riƙa tsiyaya. Wannan matsi da ke tunkuɗo ruwa, a wajen wuta shi ake aunawa da bolt, harafinsa V. Wutar da ke shigowa gidajenmu da shagunanmu a Nijeriya, in ta cika, bolt 230 ce. Batirin mota bolt 12 ne, na tocila kuwa ɗaya da rabi.

Na biyu, yawan ruwan da ke gudu cikin bututu. A wajen wuta shi ne amfiya, harafinta A.

Na uku, bututu in ya yi ƙunci, ko ya yi tsawo, ko laka ta toshe shi a wani wuri, ruwa ba ya wucewa yadda ya so. Haka waya take, haka duk abin da wuta ke bi ta cikinsa. Wannan shi muke kira turjiya, ana auna ta da om.

Na huɗu, aikin da wutar ke yi, ko zafi ne, ko haske, ko juya inji. Shi ake aunawa da wat, harafinsa W. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya, wat miliyan ɗaya kuma shi ne megawat.

Waɗannan sunaye duk na mutane ne da suka yi bincike a kan abin. Bolt daga Alessandro Volta ne, mutumin Italiya da ya ƙera batir na farko a 1800. Amfiya daga Ampère na Faransa, wat daga James Watt, mai gyara injin tururi a Birtaniya. Om kuwa daga Georg Ohm ne, wani malamin lissafi a Jamus, wanda a 1827 ya fitar da ƙa'idar da ta ɗaure bolt da amfiya da turjiya wuri guda.

Ƙa'ida biyu kacal

Ta farko: bolt sau amfiya, shi ne wat.

Ta biyu: bolt a raba da amfiya, shi ne om.

Shi ke nan, babu ta uku. Ta farkon ma ai lissafinmu ne na kullum. Farashin mudu sau yawan mudu, shi ne kuɗin kaya. In ka san kuɗin kaya, ka san farashin mudu, sai ka raba ka gane mudu nawa ne. Haka nan, in ka san wat, ka san bolt, sai ka raba wat da bolt ka gane amfiya nawa kayan ke ja.

Alal misali, mai gyara ya zo da mitarsa, irin mai baki kamar awartaki wadda ake maƙala wa waya ba sai an fere ta ba. Ya auna shagonka ya ce bolt 230 ne, amfiya 5. To 230 sau 5, wat 1,150 ke nan kake ci a wannan lokaci. In ka raba 230 da 5, om 46 ne turjiyar kayan da ke kunne. Da lamba biyu ka fitar da sauran biyun.

Mu gwada da dutsen guga mai wat 1,000. Raba 1,000 da 230, ka samu amfiya 4.3. Raba 230 da 4.3, ka samu kusan om 53. Hitar dafa ruwa mai wat 1,500 tana jan amfiya 6.5, turjiyarta om 35. Tsohon ƙwai mai zare na wat 100 yana jan amfiya 0.43, turjiyarsa in ya yi zafi kusan om 530. Ku lura da wani abu a nan. Kayan da turjiyarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi jan wuta, kamar yadda faffaɗan bututu ya fi kwashe ruwa. In turjiya ta faɗi ƙasa warwas, kamar wayoyi biyu su haɗu tsirara, sai amfiya ta yi tashin gwauron zabo cikin ƙiftawar ido. Wannan ne tartsatsin da kuke gani.

In wuta ta zo ba ƙarfi, in kuma ta zo da hauka

Duk mun san daren da ƙwai ke yin ja kamar garwashi, fanka na juyawa kamar mai jin barci. Samari na ce wa wannan lo-karan, amma abin da ya yi ƙasa bolt ne. Mu ce maimakon 230 ya dawo 160. Dutsen gugarmu turjiyarsa na nan om 53. Raba 160 da 53, amfiya 3 ke nan. 160 sau 3, wat 480. Kun gani ko? Bolt bai ragu da ko kashi ɗaya cikin uku ba, amma zafin dutsen bai kai rabi ba. Dalili shi ne bolt ya ragu, amfiya ma ta ragu, ragowar biyu kuma aka riɓanya. Saboda haka mai wanki da guga, ba dutsenka ne ya lalace ba, kada ka kai shi gyara.

Amma kayan da ke da inji a ciki, irin su firji, firiza, famfon tura ruwa da injin niƙa, halinsu daban ne. Su dole sai sun ja nauyin da aka ɗora musu. In bolt ya yi ƙasa, sai su ƙara jan amfiya don su cike giɓi, ko su tsaya suna gurnani sun kasa tashi, nan da nan naɗin wayar da ke ciki ya yi zafi ya ƙone. Don haka in kun ga wuta ta yi ja, abin da za a fara cirewa firiza ce da famfo. Haka kuma lokacin tashi, inji kan ja ninkin-ba-ninkin abin da yake ja in ya miƙe. Shi ya sa ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wanda bai kai wat 1,000 ba, zai riƙe maka ƙwai da fanka da talabijin lafiya lau, amma da ka jona firiza sai ya shaƙe. Mai sayen babban janareta kuma ya sani, in an rubuta masa 2.5 kVA, abin da zai dogara da shi kamar wat 2,000 ne. Doki ɗaya da ake faɗa a jikin famfo ko injin niƙa kuwa wat 746 ne.

Sai kuma ranar da wuta ta zo da hauka. Wayoyi huɗun nan da ke kan falwaya, uku masu wuta ne, ɗaya ta komawa ce, wadda masu gyara ke kira nutural. Tsakanin mai wuta da ta komawa bolt 230 ne, amma tsakanin masu wuta biyu kusan 400 ne. In ta komawar ta tsinke, ko wani ɗan koyo ya hau ya yi kuskuren jonawa, bolt ɗin gida na iya haurawa har wajen 400. Ƙwan nan na wat 100 mai om 530, raba 400 da 530, amfiya 0.75, sau 400, wat 300 ke nan. An ɗora masa ninki uku na abin da aka yi shi dominsa. Yaya ba zai fashe ba? In kun ga ƙwai ya yi wani fari fat, fanka ta ɗauki gudu, kada ku tsaya murna, ku kashe babban makunni.

Waya ma tana cin wuta

To jama'a, nan ne zuciyar maganar. Mutane da yawa sun ɗauka waya hanya ce kawai, ba ta cin komai. Waya tana da tata turjiyar, kuma duk abin da ta ci zafi yake zama. Wayar jan ƙarfe ta gaskiya mai kauri 1.5, mita 100 nata om 1.2 ne. Mai 2.5 om 0.7 ne. Mai 6 om 0.3 ne. Iya kauri iya sauƙin wucewa, iya tsawo iya turjiya.

Mu ɗauki layinmu. Daga falwaya zuwa shagon farko mita 50 ne, zuwa da dawowa mita 100. Lokacin da aka ja wayar, da mai 1.5 aka ja, don shago ɗaya ne, ƙwai ne da fanka da rediyo, duka-duka amfiya 2. A juya ƙa'ida ta biyu, amfiya sau om shi ne bolt ɗin da ya zube a hanya: 2 sau 1.2, bolt 2.4. Zafin da ke cikin wayar, 2.4 sau 2, bai kai wat 5 ba. Babu laifi ko kaɗan.

Sai maƙwabci ya ce, “Alhaji, a taimaka mini da wuta.” Ka ji kunya ka ba shi. Shi ma ya ba na kusa da shi. Yau shago shida ne a kan wannan waya, da firiza, da dutsen guga, da hita, da mai cajin wayoyin hannu. Mu ce amfiya 20. To 20 sau 1.2, bolt 24 sun zube a hanya, shi ya sa na ƙarshen layi kullum wutarsa ba ƙarfi. Zafin kuwa, 24 sau 20, wat 480. Kusan rabin dutsen guga ke nan yana ci a cikin silin dare da rana. Amfiya ta ninka sau 10, zafi ya ninka sau 100. Wannan shi ne abin da James Joule na Ingila ya gano tun wajen 1840: in amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi, in ta ninka uku, ya yi tara. Robar waya ba ta ƙonewa rana ɗaya. A hankali take bushewa, ta yi tauri, ta tsattsage, sai ranar da iskar hunturu ta busar da komai. Da an ja layin da waya mai 6, wannan amfiya 20 ɗin bolt 6 kawai za ta zubar, zafin kuma wat 120.

Yanzu mu dawo kan mahaɗar da ta ƙona shagon ɗan uwanmu. In aka murɗa waya da hannu ba a ɗaure ta tamau ba, ta yi tsatsa, turjiyar wannan ɗan wuri na iya kai rabin om. Rabin om kamar ba komai ba. Amma in amfiya 15 na bi ta nan, 15 sau rabi bolt 7.5 ne, sau 15 kuma wat 112. Duk wanda ya taɓa kama ƙwan wat 100 yana kunne ya san zafinsa. To a tara fiye da wannan zafi a wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, a naɗe da leda, a jingine da katakon silin. Me ake jira?

A nan dole mu masu sayar da kayan wuta mu karɓi namu laifin. Akwai wayar da aka rubuta mata 2.5 amma cikinta bai kai ba. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, in ka kankare da wuƙa sai ka ga fari. Alminiyam turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, in kaurinsu ɗaya ne. Mutum ya zo ya ce shi dai mai araha yake so, mu kuma don kada ciniki ya wuce mu, mu miƙa masa ba mu ce komai ba. Wannan shirun bai dace ba. Araha ba ta ado. Ku ɗaga naɗin waya ku ji nauyinsa, ta gaskiya ta fi nauyi. Ku sa a fere muku baki a kankare a gabanku. Ƙa'idar masu gyara kuwa sananniya ce: mai 1.5 ta ƙwai da fanka ce, mai 2.5 ta soket, mai 4 ko sama da haka ta na'urar sanyaya ɗaki da manyan kaya.

Daga Kainji zuwa batirin sola

Wannan lissafi na zafin waya shi ne ya sa ake ɗauko wuta daga nesa da bolt mai yawan gaske. Mu a jihar Neja muna zaune ne tsakiyar madatsun ruwa. Ga Kainji da aka gama a 1968, wadda injunanta takwas aka kafa su a kan megawat 760. Ga Jebba ta 1985, ga Shiroro ta 1990 mai megawat 600, ga kuma Zungeru mai megawat 700. Da za a ce a turo megawat 760 da bolt 230 irin na gida, raba ka gani, amfiya sama da miliyan uku ke nan. Babu wayar da za ta ɗauki wannan. Sai aka ɗaga bolt zuwa 330,000, amfiyar ta dawo wajen 2,300 a lissafinmu na sauƙi. Daga nan taransifoma ke ta sauke shi mataki-mataki, zuwa 132,000, irin wanda ke isowa tashar da ke nan Kontagora, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har ya zo 230 a ƙofar shagonka.

A juya maganar kuma, sai ta faɗo kan masu sola, waɗanda yanzu suka yawaita a cikinmu. Kayan wat 600 a kan bolt 230 amfiya 2.6 kawai suke ja. Amma wannan wat 600 ɗin in daga batir mai bolt 12 za a zaro shi, raba 600 da 12, amfiya 50 ke nan. Shi ya sa wayar batirin mota take da kauri kamar yatsa. Mun sha ganin mutum ya kashe dubban ɗaruruwa a kan faranti da batir, sannan ya haɗa su da siririyar wayar ƙwai, wai ai bolt 12 ne ba ya kisa. Ba ya jan mutum, gaskiya ne, amma yana tada gobara.

Fis mai gadi ne

Fulogin nan mai ƙafa uku, fis ɗin da ke cikinsa mafi girma amfiya 13 ne. 13 sau 230, kusan wat 3,000. Iyakar abin da soket ɗaya zai ɗauka ke nan. Yanzu mutum ya sami akwatin soket mai doguwar waya, ya jona dutsen guga 1,000, hita 1,500, rishon lantarki 1,000, firiza 200. Jimla 3,700. Raba da 230, amfiya 16. Fis ya tsinke, aikinsa ke nan, ya mutu don dukiyarka ta tsira. Sai mai shago ya ji haushi, ya cire shi ya cusa guntuwar waya mai kauri ko takardar sigari mai ƙyalli. Wannan daidai yake da ka kori mai gadi don ya tashe ka daga barci ya ce ga ɓarawo. In fis ya tsinke, ko bureka ta faɗi, a tara wat ɗin da ke kai a raba da 230 tukuna, kafin a mai da shi.

Jikin ɗan Adam ma yana da turjiya

Busasshiyar fata turjiyarta na da yawa, tana iya kai om dubu ɗari. Amma in jiki ya jiƙe, ƙafa ba takalmi a kan danshin siminti, takan faɗo wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, amfiya 0.23. Kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya, in ya bi ta ƙirji, ya isa ya hargitsa bugun zuciya har a rasa rai. Wannan ya ninka shi fiye da biyu. Don Allah a gaya wa iyali, a gaya wa yara: ba a tsoma hannu a bokiti a ji ko ruwa ya yi zafi alhali hita na ciki tana kunne. Wanda ya idar da alwala ya goge hannunsa kafin ya taɓa makunni. In wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu, a kashe makunni, ko a ture shi da busasshen icce.

Rabon kuɗin wuta

Saura magana ɗaya, wadda ta sha haɗa 'yan uwa faɗa a layukanmu, wato rabon kuɗin wuta a inda mita ɗaya ce. Abin da mita ke ƙirgawa yunit ne, yunit ɗaya kuwa wat 1,000 ne na tsawon awa ɗaya. Tsohon ƙwan wat 100 yakan cinye yunit a awa 10. Sabon farin ƙwai mai wat 10, wanda haskensa ya kusa kamo na tsohon, sai ya yi awa 100.

Mu ɗauki shago biyu. Mai sayar da yadi yana da ƙwai biyu na wat 10 da fanka mai wat 70, jimla 90. Awa 10 a rana, wat 900, wato yunit 0.9, a wata yunit 27. Mai wanki da guga kuwa, dutsensa na wat 1,000 in ya ci awa 5 a rana, yunit 5 ne, a wata 150. Ya ninka na mai yadi fiye da sau biyar. In aka ce a raba kuɗi daidai wa daida, an ɗora wa mai yadi nauyin da ba nasa ba, shi kuma mai guga yana cin haƙƙin maƙwabcinsa ba tare da ya sani ba. Ba mugunta ba ce, rashin lissafi ne. Wuta kuma ta daina zama abin wasa. A Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa ta kai kuɗin yunit na masu rukunin A naira 225. Ko ba a wannan rukuni kake ba, ka san inda aka dosa.

Abin da muke roƙon ƙungiya

Daga ƙarshe, ga shawarwari biyar da muke miƙa wa shugabanni, in taro ya amince.

Na ɗaya, kowane mai shago da kowane mai gida da ke kan layin haɗaka ya rubuta kayan wutarsa, da wat ɗin kowanne, da awa nawa yake kunna shi, ya miƙa wa sakatare kafin taro mai zuwa.

Na biyu, a tara jimlar kowane layi a raba da 230, a kira ƙwararren mai gyara ya auna da mitarsa ya tabbatar. Inda waya ta yi wa kayan kaɗan, a yi karo-karo a canja ta. Mu masu sayar da kayan wuta da ke cikin wannan ƙungiya mun yi shawara, za mu ba da wayar wannan aiki a kan kuɗin da muka saro ta.

Na uku, a bi silin-silin a kwance duk mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, a sa ta cikin akwatin mahaɗa a ɗaure da noti. Kowane shago ya sami burekarsa daidai da kaurin wayarsa.

Na huɗu, rabon kuɗin wuta ya koma bisa wat sau awa, kowa ya biya abin da ya ci.

Na biyar, kada a ƙara jona wa kowa wuta, ko ɗan uwa ne ciki ɗaya, sai an yi lissafi an ga wayar za ta ɗauka. Wanda zai rufe shago da yamma kuma ya kashe babban makunninsa.

Muna kira ga samarinmu da suka yi boko, ku zauna da iyayenku ku karanta musu rubutun da ke jikin kaya, ku taya su rabawa da riɓanyawa. Wanda kuma lissafin ya shige masa duhu, shagonmu a buɗe yake, ya zo da takardarsa mu yi tare, ba sai ya sayi komai ba.

In mun yi kuskure a wani wuri, masana da ke cikin taron nan su gyara mana. Allah Ya mayar wa ɗan uwanmu da mafificin abin da ya rasa, Ya tsare mu da dukiyoyinmu da iyalanmu daga gobara, Ya ƙara mana zaman lafiya da mutanen wannan gari da suka karɓe mu hannu bibbiyu.